Rasuwar Gwaggo, Wadda Aka Yanke wa Jar Waya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu can ƙasanta da ya fi baƙin ciki zafi, Mai Aski na bakin kwana yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa ɗumama bencin shagonsa ko da ba aski ya kawo shi ba, rasuwar na'urar bidiyonsa, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Talata, a kan kantar da take zaune tun kafin mai shagon ya fara gemu, tsakanin madubi da gwangwanin hoda. Kada wani ya zo ta'aziyya yana cewa ai dama ta tsufa. Ba tsufa ba ne. Kashe ta aka yi, da rana tsaka, a gaban shaidu, kuma an san wanda ya yi.

Marigayiya ta shigo wannan shago ne a rungume cikin bargo, a hannun mahaifin Mai Aski, wato Baba Tafinta, Allah ya jiƙansa. Yana sauke ta ya tara yaran gidan ya ce daga yau ƙanwarsa ce, duk wanda ya ɗora mata kofi a ka zai gamu da shi. Haka suka taso suna ce mata Gwaggo, har na waje ma suka ɗauka.

Aiki ɗaya ta sani a duniya, ta kuma riƙe shi da amana: nuna fina-finan ɗan leƙen asirin nan da Baba ya raɗa wa suna Ba-Ya-Gumi, saboda zai diro daga jirgin sama, ya tarwatsa ƙarti goma, ya gyara maɓallin hannun riga, wuyansa ko danshi babu. Kashi bayan kashi fim ɗin ya yi ta fitowa, Gwaggo ta yi ta haɗiyewa. Masu fim suka canza wa jarumin fuska, suka sake canzawa, daga Mai Gira zuwa Mai Murmushi, daga shi zuwa Dogon Wuya. A kan wannan an yi musu a shagon nan har an ɓata zumunci. Tela na maƙwabta ya taɓa tashi da rabin aski ya tafi, don an ce Mai Murmushi bai iya gudu ba. Ita kuwa Gwaggo ba ta taɓa nuna bambanci ba, duk wanda aka sa mata shi take nunawa.

Mace ce mai kawaici, amma tana da ka'ida. In an miƙa mata kaset sai ta karɓa da "ƙurrr-ƙwas", kamar mai cewa na ji na gani. In fim ya ƙare sai ta mayar da shi baya da kanta, tana "wiiiii", lambobin da ke goshinta suna gudu baya-baya har su kai sifili. Da girma ya zo mata sai ta ƙara da wani "ƙit-ƙit-ƙit" a tsakiyar hanya, ta riƙe kaset gam, ko ka danna mata me ba za ta saki ba. Abin da take so a lokacin bai taka kara ya karya ba: a ɗauki kwali a yi mata fifita, a ba ta lokaci. In ta huce sai ta yi ajiyar zuciya, "huuu", ta tofo maka kayanka lafiya lau. Duk wanda ya taɓa aski a nan ya san haka.

Sai dai ba don waɗannan halaye kaɗai Mai Aski ya kasa cin abinci ba. Baba, kamar yadda tsofaffin unguwa za su shaida, shi ne mai fassara wa 'yan kallo. Yakan tsaya gefen talabijin da mataji a hannu, yana juya maganar Turawan nan zuwa Hausa. Abin da ya gane ya faɗa, abin da bai gane ba ya ƙirƙira, kuma nasa ya fi na masu fim daɗi. Sau ɗaya tak a rayuwarsa ya aro makirufo ya ɗora muryarsa a kan kaset, a kashin da Mai Gira ya yi faɗa a kan jirgin ƙasa. A cikin wannan kaset akwai tarin Baba, akwai dariyarsa, akwai inda ya tsaya ya ce a miƙo masa ruwa. Can baya kuma ana jin kukan Auta, ƙanwar Mai Aski, tana jaririya, da muryar mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta, tana cewa a rage ƙara. Duk duniya babu wani wuri da muryar mutanen nan biyu ta rage sai a nan. Wannan kaset ne yake cikin Gwaggo ranar Talata.

Yanzu sai batun wanda ya aikata. Mijin Auta ne, mai sayar da rigunan waya da caja a tsallaken titi, wanda unguwa ke kira Na-Sani, don tun da aka haife shi ba a taɓa gaya masa abin da bai riga ya sani ba. Shi ɗan gani-kashe-nin sabuwar fuskar Ba-Ya-Gumi ne, wani yaro mai kumburarriyar fuska da ke gumi kamar mai dako, wanda Mai Aski ya rantse ba zai taɓa ɗora wa ido ba. Kuma shi wannan Na-Sani, shekara da shekaru yana cewa, "Yaya, bar mini kaset ɗin Baba, zan juye maka shi a waya, ai ba wani aiki ba ne." Yau ne, gobe ne. Ga inda goben ta kai mu.

Ga yadda jinyar ta kasance, kamar yadda shaidu suka bayar bayan an matsa musu. Mai Aski ya sa kaset ɗin yana saurare, sai aka aiko matarsa na nemansa a gida. Ya bar shagon a hannun surukinsa, ya ce kada a taɓa komai. Fim ya ƙare, Gwaggo ta kama aikinta na mayarwa baya. Na-Sani kuwa yana ƙaiƙayin ya zare ta ya jona wayarsa, ya nuna wa jama'a tallar sabon kashi. Ya danna, ta ƙi. Ya sake dannawa, ta fara "ƙit-ƙit-ƙit", lambobi na gudu baya. Sai direban tasi da ke jiran layi, wanda bakinsa ba ya zama shiru, ya ce, "Kai jama'a, bam ne! Ina Ba-Ya-Gumi?"

Shi ke nan, aka kunna mutumin. Ya naɗe hannun riga, ya ce kowa ya ja baya. Ya kwance murfin baiwar Allah da sukuddireba alhali tana raye, tana kan aiki. Ya ɗauki almakashin Mai Aski, na gyaran gashin baki, wanda ko matar gida ba ta taɓawa. Ya leƙa ya ga wayoyi, ja da shuɗiya. Tela da direban tasi, manya da su, masu iyali, suka kama ƙirga lambobi da ƙarfi suna tafi. Wannan na ihun ja, wancan na ihun shuɗiya. Ya rufe ido ɗaya, ya karkata kai yadda ya ga ana yi, ya datse ja.

Gwaggo ba ta yi "huuu" ba. Wani ɗan "ƙik" kawai ta yi, hasken goshinta ya ɗauke, ƙauri ya tashi. An ce har tafa masa aka yi. Da ya ga kaset bai fito ba, maimakon ya tsaya ya ji tsoron Allah, sai ya zura yatsu ya fizgo. Zaren ya riga ya nannaɗe a cikinta, ya yi ta ja yana biyo shi, yana miƙewa yana tsinkewa, har ya taru a ƙasa cikin gashin da ba a share ba. A haka Mai Aski ya shigo ya same su, muryar ubansa na kwance a ƙarƙashin takalmin surukinsa.

Bai yi ihu ba. Mutane sun so ya yi, da an samu na ba shi haƙuri. Ya durƙusa ya tattara zaren yana hure gashi. Na-Sani ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, a gaskiya da shuɗiyar na yanke, da yanzu wani zancen ake." Wallahi haka ya ce! Bai ce a yafe masa ba, wayar da ya zaɓa ce kawai take damunsa.

An garzaya da marigayiya wurin mai gyaran rediyo na bayan tasha. Ya duba, ya shinshina, ya mayar da murfi a hankali ya girgiza kai. Kaset ɗin kuwa ya yini a kansa da salatif da reza. Abin da ya iya cetowa bai fi taƙi biyu ba. Ya sa a wata tsohuwar na'urarsa, suka kasa kunne. Daidai wurin nan ne da mugu ya kama Ba-Ya-Gumi ya ɗaure shi a kujera, zai zayyana masa duk abin da ya shirya. Muryar Baba ta fito tar, kamar yana tsaye a ɗakin: "Zauna daram, ɗan nan, bayani zai zo maka." Daga nan sai shuuu. A nan ne Mai Aski ya yi kukansa, mai gyara ya juya baya ya kama goge abin da ba ya bukatar guga.

Marigayiya ta bar miji, wato talabijin mai ƙusumbi, wanda tun ranar yake zaune fuska shuɗiya ba ya cewa uffan. Ta bar rimot guda ɗaure da roba, da marayun kaset cike da kwali biyu, ba su da bakin da zai sake karɓarsu. Ta bar Auta, wadda da aka gaya mata sai ta ce, "Har da muryar Inna?" Ta kuma bar Mai Aski, wanda yanzu ba shi da aiki sai tunani.

Kuma tunanin ya haifi ɗa mai ido. Kowa ya san sabon kashi ya fito, wanda aka ce shi ne na ƙarshe, a nan za a gane wanda ya daɗe yana cin amanar Ba-Ya-Gumi daga cikin gida. Kowa kuma ya san halin da Na-Sani yake ciki a kansa. Don kada wani ya gaya masa ƙarshen fim ɗin kafin ya gani da idonsa, ya fice daga duk wani zauren hira na waya. Yana yawo da auduga a kunne. Ya kori mai saye daga rumfarsa don kawai ya ce, "Ka kuwa ga sabon…" Ya yanki tikitin yammacin Asabar ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, kullum sai ya ɗaga ya duba.

To, Mai Aski ya karya rantsuwa. Ya rufe shago ya je sinima ya zauna a gaba, ya kalli yaron nan mai gumi daga farko har ƙarshe. Ya fito ya sake yankan tikiti ya koma, don kada wani abu ya wuce shi. Yanzu ya san maci amanar. Ya san wanda ya mutu, da wanda aka zaci ya mutu. Ya san abin da ke cikin akwatin da ake ta rububinsa a fim ɗin. Tikitin ƙarƙashin katifa kuwa ya sauya masauki, yana hannun Auta, kuma ta ce mijinta ba zai gan shi ba sai ya raka Gwaggo makwancinta, da ƙafarsa, ya kuma karɓi askin makoki.

Wasu za su ce wane irin mai ramuwa ne zai rubuta shirinsa ya manna a ƙofa. Waɗannan ba su kalli fim ɗin ba. Mai Aski ya shekara talatin yana ganin yadda mugaye ke yi, kuma ya gano kuskurensu ɗaya ne: suna gama bayani sai su fita su bar mutum shi kaɗai. Shi ba inda za shi.

Za a yi jana'izar Gwaggo ranar Asabar da hantsi, a shagon da ta yi rayuwarta. Za a naɗe ta a bargon da ta zo da shi. Tela da direban tasi su ne masu ɗaukar gawa, tunda sun iya ƙirga tare, za su zagaya da ita layi su dawo, a sa ta a saman kabad inda hannun kowa ba ya kai. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da wuri su cika benci, su kuma tare bakin ƙofa. Kada kowa ya zo da abinci, babu mai ci.

Bayan nan za a zaunar da mijin Auta a kujerar aski. Za a ɗaura masa ƙyalle a wuya, a cire audugar kunne a jefa a kwando. Za a kwashe masa gefe guda na kai tas, a ajiye aska, a bar ɗaya gefen sai an gama. Sannan Mai Aski zai tsaya inda mahaifinsa ke tsayawa, gefen talabijin, da mataji a hannu, ya fassara sabon kashi tun daga harbin farko har sunan maci amana, ba gaggawa, ba tsallake, da muryar kowa da kowa.

Amma ba shi zai buɗe taro ba. Mai gyaran rediyo ya yi alkawarin kawo na'urarsa, da ɗan guntun zaren nan da ya rage. Za a yi shiru, a danna, Baba ya fara magana:

"Zauna daram, ɗan nan, bayani zai zo maka."