Ranar da Layi Ya Sha Kwana a Ƙofar Shagona

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tarar da layi a ƙofar shagona ba, layi har ya sha kwana ya nufi bakin titi. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido don murna. Na ce a raina, shi ke nan, ɗan talaka ya haye!

Bari in koma baya kaɗan. Da na gama difloma na gaji da yawon neman aiki a Kano, sai na dawo gida, garinmu Ƙofa da ke yankin Bebeji. Baffa Sule, ƙanen mahaifina, ya ba ni aron shagonsa na bakin kasuwa in riƙa sayar wa masu noman rani iri da maganin feshi. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada in jawo masa magana, in kuwa na jawo, in ba shi makullinsa.

Da aka zo batun suna sai wayona ya motsa (a lokacin gani nake duk Bebeji babu mai kaina). Akwai wani babban kamfanin iri, Gwarzon Fadama, wanda manomanmu suka yarda da kayansa ido rufe. Sai na sa mai fenti ya rubuta mini "Sabon Gwarzon Fadama" a allon shagon. Kalmar "Sabon" 'yar mitsitsiya, sai ka matso za ka gan ta, sauran kuwa manya-manya, da kore da ruwan ɗorawa irin nasu. Tambarinsu bijimin sa ne, ni ma aka zana mini nawa san.

Ban taɓa buɗe baki na ce ni reshensu ne ba. In an tambaye ni sai in yi murmushi in ce, "Ai duk abu ɗaya ne." Baffa kuwa ya ɗauka da gaske, a majalisa ba shi da hira sai ta "ɗana wakilin kamfani". Ina ji, kaina yana ƙara girma, ban gyara masa ba.

To, ranar nan da na hango jama'a, da gudu na koma gida na sauya kaftani na fesa turare. Na dawo na ɗauki hoton layin na watsa wa abokai a waya, na rubuta, "Kasuwa ta buɗe, mahassada sai haƙuri!" Ga babura daga Kiru, ga mutanen gefen Tiga, kowa da buhu a hannu. Baffa na gaba cikin babbar riga yana shirya mutane.

"A bi layi, jama'a! Kowa zai samu. Ɗana ne, ba ya zalunci."

Ko wannan "kowa zai samu" bai farkar da ni ba. Na buɗe shago da bisimilla, wata tsohuwa da ke kan gaba ta miƙo buhunta.

"Ina kwana, Iya? Me za a ba ki?"

"Rabona, ɗan nan. Na tumatir da na albasa."

"Na nawa?"

"Na nawa kuma? Rediyo fa ta ce kyauta ne."

Ashe kamfanin ya yi ta sanarwa cewa ranar zai raba wa manoman rani iri kyauta a duk rassansa. Ni ɗan zamani, rabona da rediyo har na manta. Na dubi kayan shagon, na dubi layin, ko rubu'insu ba za su isa ba.

Na jawo Baffa gefe na raɗa masa, "Baffa, nan fa ba reshe ba ne." Abin da na manta shi ne kunnen Baffa ya yi nauyi.

"Me ka ce?"

"Na ce ba reshe ba ne."

"Kai, buɗe baki ka yi magana kamar namiji!"

"Baffa, ba reshe ba ne!"

Da ƙarfi na faɗa, kowa a layin ya ji. Da ƙasa za ta tsage da na shige, kaftani da turare da komai. Kafin hayaniya ta gama tashi, sai ga motar kamfanin na gaskiya, za ta Tudun Wada inda reshensu yake, taron ya sa ta tsaya. Wani jami'insu ya sauko, ya ɗauki hoton allona, ya ce mini cikin ruwan sanyi, "Malam, sunan nan da tambarin nan rajista gare su. Ko ka goge yau, ko lauyanmu ya neme ka." Ya ba jama'a haƙuri, ya faɗa musu inda za su je. Iya ta naɗe buhunta ta ce, "Allah ya shirye ka, ɗan nan." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na zaro makulli na miƙa wa Baffa. Bai karɓa ba. Ya aika aka kawo tsani da fenti, ya riƙe tsanin da kansa.

"Hau ka goge. Shagon kuma na bar maka, don in na kore ka ka huta. Nan za ka zauna kowa ya riƙa ganinka."

Haka na yi ta shafe allo a gaban rabin gari, fenti na ɗiga mini a wuya.

Daga baya na zaɓi suna nawa na kaina, sai da na bincika na tabbatar ba na kowa ba ne kafin a rubuta. Amma babu mai kiran shagon da shi. Har yau in manomi zai aiki ɗansa, cewa yake, "Je ka wurin Ba-reshe-ba-ne ka sayo mini feshi." Na dai koyi cewa wanda ya ari sunan wani, har alkawarinsa ya ara. Wannan da gari ya raɗa mini kuwa, babu kamfanin da zai taɓa yin shari'a da ni a kansa.