Nomau da Ƙafar Iya Tabawa

A garinmu, in aka ce Nomau, kowa sai ya yi murmushi. Ƙaton mutum ne, mai ƙarfin noma, shi kaɗai ya rage wa mahaifiyarsa, Iya Tabawa, a gida. Halinsa ɗaya: abin da ka ce masa, shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da ciwon suga ya buɗe wa Iya gyambo a ƙafa aka kwantar da ita a asibitin birni, shi ya tafi jinya. Likitar, Dakta Suwaiba, ba ta ɓoye musu ba: in sugan bai sauka ba, sai an yanke ƙafar.

Wata rana likita ta ce, "Malam Nomau, gobe ka kawo fitsarin Iya a auna." Ta miƙa masa 'yar kwalba. Nomau ya dubi kwalbar ya ga ba za ta ɗauke duka ba. Washegari sai ga shi a ƙofar ɗakin gwaji da jarka a kafaɗa. Mai gwajin ya toshe hanci ya ce, "Bawan Allah, rini za mu yi?" Nomau ya ce, "Ban zubar da ko ɗigo ba, ranka ya daɗe."

Wata rana likita ta ji shi yana ba mai sayar da lemo labarin gyambon. Ta ja shi gefe ta ce, "Ciwon mutum sirrinsa ne. Kada ka sake gaya wa kowa halin da take ciki." Da la'asar 'yan dubiya suka iso daga gida, suka tarar da shi a bakin ƙofa. "Nomau, ya mai jiki?" Ko "da sauƙi" ɗin nan da kowa ke cewa, Nomau ya ƙi faɗa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "An hana ni magana." Mata suka ɗora hannu a ka suka juya. Kafin magariba an share ƙofar gidan Iya an shimfiɗa tabarmi. Masu ta'aziyya suka ciko mota zuwa asibiti, suka same ta zaune tana cin dafaffen zogale. Ta ce, "Wa ya rasu ba a gaya mini ba?"

Ana ta allura, suga ya ƙi sauka, har aka fara maganar ranar yanke ƙafar. Likita ta rasa dalili, don abincin da ake ba Iya daidai yake. Wata rana ta ce, "Nomau, duk abin da zai shiga bakinta, sai na gani tukuna." To fa! Ruwan sha, ya kai mata. Asuwaki, ya kai mata. Ta fito daga masallaci, ga Nomau da tsinken sakace. Ma'aikatan jinya suka dinga dariya har da riƙe ciki.

Sai ga Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifinsa, ta zo kamar kullum da gora a ƙarƙashin mayafi. Ta ja labule ta ce wa Iya, "Sha maza, kafin su zo." Nomau ya fizge gorar. "Kai, ɗan nema! Maganin gida ne, ba na likita ba!" Ya ce, "Gwaggo, baki zai shiga." Ya ruga, tana bin sa da takalmi, har cikin taron likitoci.

Dakta Suwaiba ta buɗe ta shinshina. Jiƙon sassaƙe ne, an dama shi da zuma har ya yi kauri don a kashe ɗacin. Safe da yamma Iya ke sha a ɓoye; ashe zumar ce ta hana sugan sauka. Likita ba ta yi faɗa ba. Ta je ta zauna bakin gadon Iya ta ce, "Gwaggo, kin so ta warke ne, na sani. Iya, ƙafarki ce, ke za ki zaɓa." Iya ta dubi ƙafar, ta ce a zubar da jiƙon.

Suga ya sauka, gyambo ya kame. Da ƙafafunta biyu Iya Tabawa ta fito, kuma har yau in mutanen wani gari suka yi mana gorin Nomau, ƙafar muke nuna musu. Ranar sallama, Iya ta riƙo hannun likita ta ce, "'Yata, don Allah ki janye maganar nan a gabansa. In ba haka ba, tuwona sai ya shiga mota ya zo birni kafin in ci."