Kaka Bai Taɓa Barcin Rana Ba

"Lafiya lau, Mai Allura. Ya gajiya? Ya majinyata, waɗanda suka tsira daga hannunki?"

Haka Kaka ya amsa gaisuwar jikarsa, ido ɗaya a buɗe, ɗayan bai gama shawara ba. Shigowarta ke nan ta same shi shame-shame a kujerar baranda, baki a sake, rediyo a kan ciki. Tana miƙa hannu ta kashe rediyon ya farka.

Nas ce a ɗakin yara na asibiti. Kwana ta yi a tsaye, ta koma gida da safe ta ja labule, ta juya dama ta juya hagu har rana ta take, barci ya ƙi. Da ta gaji sai ta tashi ta sayo filon da tsohon ya daɗe yana damunta da aikensa. Da yamma za ta koma aiki, ga shi jiya sai da ta maimaita karanta sunan wani magani kafin ya shiga kanta, abin da ya tsorata ta ƙwarai. Shi kuwa wannan bawan Allah yana ta sharar barci a ɓagas. Kishi ya cika ta fal, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ga filonka. Ko da yake ban ga amfaninsa ba, mutumin da ko a kan tsani aka ɗora shi sai ya yi minshari."

"Wa ke minshari? Ni rabona da barcin rana tun ba a haifi ubanki ba. Labarai nake saurare."

"Da ido a rufe?"

"Da kunne ake jin labarai. Ko ba a koya muku ba a makarantar taku?"

"To me suka ce?"

"Sun ce duniya tana nan yadda kika bar ta."

"Tun daga bakin titi nake jin ƙararka. Mai gyaran babur har ya ɗauko sifana, ya zaci injin wani ne ya lalace."

"Sharri dai. In barci nake, yaya aka yi kina taɓa rediyon na kama ki?"

"Ba kai ka kama ni ba, ƙwaƙwalwarka ce. Ko mutum na barci kunne ba ya tashi daga aiki. Ta saba da surutun, da ya yanke sai ta zabura ta ga ko lafiya."

"Ashe tawa ta fi taki tarbiyya. Ta san lokacin gadi, ta san lokacin hutu."

Nan ya taɓa ta inda yake mata ciwo. Ta zauna a kan dakali ta cire takalmi ɗaya, tana hararsa.

"Wallahi rabon nan babu adalci. A barci mai nauyi ne ƙwaƙwalwa ke wanke dattinta, ta jera abin da mutum ya koya. Kai me ka koya yau da za a jera? Ana ta shara a ɗakin da babu kaya. Ni da nake da buƙata, ko gyangyaɗi an hana ni."

"Hassada ce ke hana ki. Dubi idanunki, kamar wadda ta kwana yankan albasa. Ni fa na fara tunanin sakin ki, in nemo mai kyan gani."

"Sake ni mana. Wa za ta auri mijin da ana cikin hira zai tafi ya bar ta da rabin magana?"

"Tunani nake zurfafawa."

"Har da yawu a gemu?"

Kaka ya shafa gemun da sauri, ya ji shi a bushe, ya gane ta yi masa wayo. Ya buɗe baki zai rama, sai ya ga ta dafe goshi. Ya sauke rediyon ƙasa.

"Ke, tsakani da Allah, me ke hana ki?"

"Tsoro, Kaka. Jikina ya san rana ce, haske yake bi, ba ruwansa da jadawalin asibiti. In kuma na samu na fara lumshewa, sai zuciyata ta ce za ki makara, in zabura in duba waya. Na sa ƙararrawa, amma ban yarda da ita ba. Yau in na shiga wajen yaran nan da wannan kan, ina tsoron in ba wani maganin da ba nasa ba."

"Shiga ɗakina, ya fi ko'ina duhu. Ba ni wayar. Ni zan tashe ki."

"Kai? Ai sai dai gobe maƙwabta su tashe mu tare."

"Ba na faɗa miki ba na barcin rana ba?"

"Kaka."

Ya dube ta, ta dube shi. Sai dariya ta ƙwace masa, har da tari.

"To na ji. Ina yi. Kullum ina yi, kuma da daɗi, har mafarki nake ina saurayi. Amma na yau na bar miki shi duka, kyauta."

Ya yunƙura ya bar kujerarsa mai laushi, ya jawo wani tsohon benci daga bayan ƙofa ya ɗosana a kai. Bencin ya karkata gefe.

"Kin ga wannan? Ƙafarsa ɗaya guntuwa ce. Ina fara gyangyaɗi zai zubar da ni. In kin ji tim, kar ki fito, mijinki ne a bakin aiki."

Ta yi dariya har idanunta suka kawo ruwa, ta miƙa masa wayar, ta ɗingisa zuwa ɗakin. Ba ta kai ga cire ɗaya takalmin ba barci ya ɗauke ta.