Rasuwar Kwamfutar da Aka Ce Littafi Take Rubutawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman 'yata ta fari, rasuwar kwamfutata ta cinya. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin cin abinci, cikinta a buɗe, a hannun wanda ya kamata ya fi kowa tausaya mata.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai rufin asiri. Tun da uwar 'ya'yana ta riga mu gidan gaskiya, ita kaɗai ce a gidan nan ba ta taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Ba ta da magana sai hucin fankarta, fuuu, kamar tsohuwa ta hau bene.

Dangi sun san ta da aikin littafi. Kowa ya so zuwa sai a ce kada a dami Baba, yana rubutu. Ya kamata a gyara wannan tarihi kafin a binne ta. Littafin bai wuce sunansa ba. Ni da na cika ɗakuna da littattafai, na ƙare rayuwata ina yi wa masu kallon talabijin kallon tausayi, tirela nake tuƙawa a cikin kwamfuta. Ƙanin matata ne ya saka min wasan lokacin da ya zo duba ni. Ya ce, "Yaya, gwada wannan, ko fuskar nan taka za ta saki." Na ce masa aikin marasa aikin yi ne. Bai kai bakin titi ba na ta da inji.

Matata ta yi shekaru tana katse min karatu, da tambayar inda na kai almakashi, da labarin maƙwabta da ban nema ba. Na yi ta mita. Yanzu babu mai katse ni, kuma ba na iya gama shafi. A tirela kuwa kujerar gefe babu kowa, amma haka ta kowane direba take, ba mai zuwa ya yi maka jaje a kanta.

Ciwon ajali ya faro ne da aka sabunta wasan. Sabon ya zo da ruwan sama da inuwar bishiyoyi, abin da ya fi ƙarfin katin girafik ɗinta, wato ɓangaren da ke zana hoto a fuskar kwamfuta. Hoto ya riƙa ɗingishi. In na karya kwana, sai motar ta tsaya tunani, ta ba ni amsa ina cikin rami.

Na yi abin da na iya, wato karatu. Na karanta cewa a mafi yawan kwamfutocin cinya ba a cire wannan kati, da dalma aka manne shi a jikin babban allon ciki. Ana iya ƙara mata ƙwaƙwalwa, a sauya ma'ajiyar bayanai, amma shi da allon tare suka zo, tare za su tafi. Wasu tsofaffi masu jiki an yi su da katin cirewa, wasu sababbi suna da ƙofar da ake jona kati daga waje. Marigayiyar ba ta cikin ko ɗaya. Na fahimci wannan sarai. Sai dai akwai irin mutumin da in ya karanta "mafi yawa", sai ya ji da wasu ake.

Na sayo kati irin na babbar kwamfutar tebur, mai fanka biyu, kaurinsa ya fi na marar lafiyar. Na kwance ta, na ɗage bututun jan ƙarfen da ke kwashe zafi, na tarar da katin nata, ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, zaune daram. Na sa bakin sukudireba a ƙarƙashinsa, don kawai in ji ko yana motsi. Ya motsa. Ta ce ƙas. Kalmarta ta ƙarshe ke nan.

Ta rasu ta bar caja, lafiyarta lau amma ba ta da wanda za ta ciyar. Da sabon katin, da ya zo neman aure ya tarar da makoki. Da ƙanin matata, wanda ya yi ta dariya a waya har na kashe.

Da na faɗa wa 'yata ta lalace, ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta ce ita da mijinta za su sayo min sabuwa ranar Asabar. "Baba, ai rubutu kawai kake yi da ita, ko? Ƙarama marar nauyi ta isa." Na ce ƙwarai. Wannan ita ce mai ce wa 'ya'yanta su ajiye waya su yi koyi da kakansu. Ƙarama marar nauyi kuwa ko amalanke ba za ta ja ba. Tun ranar nake ɗaukar waya ina ajiyewa. Baki ya ƙi faɗa mata, shi ya sa hannu ya karɓa ya rubuta.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da yamma, kafin a je kanti. Za a sa ta a jakarta, a kwantar da ita a saman kabad bayan manyan ƙamusoshi, inda ba mai leƙawa. Za a karɓi gaisuwa a falo. Wanda dariya ta kama ya fita waje ya gama. Ba a buƙatar jikoki, kuma kada a karanta musu wannan.

Ke kuma 'yata, in kin zo ba sai kin ce komai ba. Ki dai ce wa mai kanti ya ba ki mai katin girafik mai ƙarfi, ko da tana da nauyi. Na bar lodin katako a kan gangara, ana ruwa, kuma ban tabbata na ja birkin hannu ba.