Onarabul Garambawul Ya Je Sulhu

Allah ya yi wa majalisar dokoki baiwa da ya ba ta Onarabul Garambawul. Shi ne shugaban kwamitin gyaran tsarin mulki, kuma shekara uku ke nan yana ta gyara. Zuwa yanzu an sauya waƙafi biyu da kujerun ofishinsa.

Maganarsa kullum ɗaya ce: a saki iko ya gangara wurin talaka. "Mulki ba rigar mutum ɗaya ba ce," in ji shi, yana dukan tebur. Shi ya sa ko fanka sakatarensa ba ya kunnawa sai ya nemi izini a rubuce. In da kura na maganin zawo, ai da ta yi wa kanta.

A ƙudirinsa akwai sabuwar ƙaramar hukuma a mazaɓarsa, wadda ta haɗa mutanen tudu da na bakin kogi. Saboda tsabar adalci, ya je wa mutanen tudu ya rantse hedikwata tasu ce. Washegari ya gangara bakin kogi ya maimaita rantsuwar ba ragi. Kafin wata ya mutu an ƙona rumfuna a kasuwar da ke tsakaninsu, an karya wa wani mahauci hannu, surukai sun daina gaisawa.

Labarin ya yi wa Onarabul daɗi, don ya daɗe yana kwaɗayin a kira shi gwarzon zaman lafiya. Ya sa aka tara dattawan ɓangarorin biyu a makarantar firamare da ƙarfe tara. Ya iso bayan azahar, da motoci bakwai da masu ɗaukar hoto.

Ya tarar da su zaune kan benci ɗaya, wani ɗan tudu har yana yi wa mahaucin fifita. Ya ɗauka kwarjininsa ne ya riga shi isowa. Bai san jira ya ishi dattawan ba, har suka fara hira, kowa ya faɗi rantsuwar da aka yi masa.

"Jama'ata," in ji shi, yana gyara babbar riga, "ni da na sasanta sashe na tara da sashe na goma na tsarin mulki, ku ne za ku gagare ni?" Awa guda yana zuba.

Da ya tsaya shan ruwa, tsohon hedimasta ya miƙe. "Ranka ya daɗe, mun shirya tun ɗazu. Ga takardar. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala."

Onarabul ya ɗaga ta sama, ya juya dama aka ɗauka, ya juya hagu aka ɗauka. Sannan ya miƙa wa sakatare ya karanta.

Sakatare ya duba, ya haɗiyi yawu. "Yallaɓai, ko a bari sai mun koma mota?"

"Karanta. Tarihi ba ya jira."

Ya karanta da ƙarfi. Mutanen tudu da na bakin kogi, baki ɗaya, suna neman a yi wa wakilinsu kiranye daga majalisa.

Ko maƙiyinsa dai ba zai ce bai haɗa kan jama'a ba.