Rasuwar Fatar Wasa Askata, Kwana Biyu Kafin Suna

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma take tashi saboda wari, ni Bakari Hammawa, Duba-gari na Jimeta, ina sanar da dangi na Wuro Hausa, da abokan aiki, da maƙwabta na gidajen gwamnati, rasuwar fatar da nake wasa askata a kanta. Ta rasu da safiyar Talatar nan, bayan shekara takwas a hannuna. Ba tsufa ne ya kashe ta ba. Man shanu ne.

Na haɗu da marigayiya a Liverpool cikin 1963, lokacin da aka tura ni karatun tsabtar gari. Ban ɗauke ta da gaggawa ba. Asabar uku ina komawa kantin wani tsoho mai sayar da kayan aski, yana shimfiɗa mini fatu ina shafawa. Na ƙi ta saniya don tana riƙe aska. Na ƙi siririya don sai an yi ta karkata hannu. Na zaɓi ta doki, faɗinta yatsa uku, tsawonta kamu ɗaya da ɗan ƙari, da ƙyalle mai kauri a bayanta. Sannan ya fito da man ƙara kaifi kala biyu, ja da kore. Jan ya fi laushi, koren ya fi cin ƙarfe. Na ɗauki koren, wanda ƙyallen kaɗai ake shafa wa, kamar ƙwayar gero, sau ɗaya a wata biyu. Game da fatar kanta, doka ɗaya tsohon ya kafa mini: kada wani mai ya taɓa ta. Tafin hannu mai tsabta ya ishe ta, a murza kowace safiya.

Marigayiya ta kasance mai kamun kai. Ta bi ni Kaduna, ta bi ni Maiduguri da aka ƙirƙiri jiha, ta dawo gida tare da ni, ba ta tsage ba, ba ta lanƙwashe ba. Maganarta duka ɗaya ce, bayan sallar asuba: shaf, shaf, sau arba'in, ta yi shiru. Ban san ma'aikacin da ya kai ta cika aiki da ƙarancin surutu ba.

Ga abin da ya sa wannan rashi ya wuce na gemu. Ranar Alhamis da ta wuce matata Mairo ta haifi 'ya mace. Jibi suna. Bara na rubuta da hannuna sunayen jarirai huɗu waɗanda muƙamuƙinsu ya kafe bayan an taɓa su da ƙarfe marar tsabta, kuma babu wanda ya rayu. Don haka tun cikin yana wata biyar na faɗa wa dangi cewa ni zan aske kan abin da aka haifa, da askata, wadda zan tafasa in wasa a kan marigayiya. Askar wanzami ba za ta hau kanta ba, ba kuma za a cire mata hakin wuya ba. Wanzamin gidanmu, Bobboyi, mutum ne mai mutunci, kuma ban ce jariran nan aikinsa ba ne. Amma na taɓa leƙa cikin zabirarsa. Ƙaho da aska da tsumma da goro duk wuri ɗaya suke kwana.

Ciwon ajali ya fara ranar Asabar. Ƙanwar mahaifina, Gogo Asta, ta iso daga Wuro Hausa don wankan jego, ɗauke da ƙwaryar man shanu wadda, bisa ga warinta, ta girmi jaririyar da wata uku. Ta shafa wa mai jego. Da ya ragu, ta bi gidan tana neman abin da ya bushe. Ta shafe takalmana na ofis. Ta shafe jakata. Ina mahauta ina duba nama, na dawo na tarar da marigayiya rataye a jikin zana cikin rana, tana ɗiga, ƙudaje sun yi mata rumfa. Na sha rufe rumfunan mahauta a kan warin da bai kai wannan ba.

Na tambayi Gogo dalili. Ta ce, "Bakari am, fatan nan ya bushe kamar bakin mai azumi. Turai ba a koya maka tausayi ba ne?"

Da ta ga na ƙi cin abinci, sai ta ɗauki niyyar gyara. Ranar Lahadi ta tsoma marigayiya cikin tukunyar ruwan wankan jego, tare da ganyen darbejiya, yana tafasa. Ta fito a nannaɗe kamar ganda. Ranar Litinin na miƙar da ita da ƙarfi na gwada aska a kanta, bakin askar ya dakushe, ta koma tana tsige gashi maimakon yankewa. Safiyar Talata na iske ɓeraye sun cinye kashi ɗaya cikin uku, sun bar shaidarsu a kan sauran. A nan na tabbatar da rasuwa.

Marigayiya ta bar aska ɗaya, dakusasshiya. Da burushin kumfa. Da ƙusa a bangon makewayi, wadda har yanzu nake miƙa wa hannu. Koren mai bai tsira ba. Gogo ta ɗauka maganin faso ne, ta ƙarar da shi a dugaduganta cikin kwana uku. Ta ce ya fi na asibiti. An nuna mini dugadugan. Ban nemi a nuna mini ba.

Maƙwabcina Malam Manasseh ya kawo mini reza sabuwa cikin takardarta, na gode masa. Ba zan riƙe tsirarar reza da yatsa biyu a kan jaririyar kwana bakwai ba. Na rubuta wa kantin Liverpool, in tsohon yana raye. Ko yana raye, saƙon ba zai iso ba sai ruwan Binuwai ya cika, lokacin yarinyar ta fara zama.

Da la'asar ɗin Talata Bobboyi ya zo yi mini gaisuwa, har da ɗaga hannu. Ya ɗauki askata, ya duba bakinta, ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya tara miyau. Na ce ya haɗiye. Ya haɗiye. Ya ja askar a kan busasshen tafinsa sau ashirin, ya miƙo mini. Na gwada a haɓata. Ta yi kaifi. Wannan ya fi man shanun ɓata mini rai.

Ya ce, "Duba-gari, ni na aske kanka ranar sunanka, ga ka nan da kunnuwanka biyu. Kai fa, kan mutum nawa ka taɓa askewa?"

Na ce fuskata, kullum, shekara takwas.

Ya ce, "Fuskar taka tana wutsil-wutsil? Tana da maɗiga?"

Mairo ce ta amsa daga ɗaki. Ta ce ita ba ta yarda da zabirar Bobboyi ba, ba ta kuma yarda da hannuna ba, mu je mu shirya.

Mun shirya. Jibi Alhamis da hantsi Bobboyi zai aske kan yarinyar, da askata, bayan ta tafasa minti goma a gabana. Zai wasa ta a tafinsa, wanda zai wanke da sabulun asibiti sau biyu, ni ina zuba ruwa. Ba miyau. Hakin wuyanta zai zauna inda Allah Ya sa shi. Zabirar kuwa ni zan zauna a kanta har a gama.

Za a yi jana'izar marigayiya gobe Laraba da ƙarfe bakwai na safe, a bayan gida na goma sha ɗaya, bisa ƙa'idar da muke bi wa naman da ya lalace: rami ƙafa huɗu, kananzir, farar ƙasa, a rufe. Ba a bukatar masu kuka. Gogo Asta ta nemi a ba ta zoben ƙarfen da ake rataye marigayiya da shi, don ɗaure akuya. An ba ta. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya raya wadda aka haifa.

Mai zuwa ta'aziyya ya wanke hannu a bakin ƙofa, akwai buta da sabulu. Kada kowa ya kawo man shanu.

Bakari Hammawa
Jimeta, Afrilu 1971