Fentin Babbar Tifa

Wani mutum ne da kowace sana'a ta gagare shi, har wansa mai tifofin kwasar yashi ya tausaya, ya ba shi kula da gareji. Da fentin motocin ya koɗe, sai wan ya kira shi.

"Ka nemo fenti mai ƙarko a fesa wa babbar tifa. Ranar da ya ɓare, ka ajiye mini makullan garejina."

"Yaya, ai ka gama magana."

Mutumin bai ɗauki aikin da wasa ba. Ya karɓo samfurin fenti iri-iri, ya shafa a murafan tukwanen matarsa. Ya shanya su a rana, ya kwarara musu tafasasshen ruwa, ya jiƙa su da man dizal, daga bisani ya bi su da guduma.

Matar ta ce, "Maigida, to ni da me zan rufe tukunya?"

"Ki rufe da haƙuri. Bincike nake yi."

Fenti rawaya kaɗai ya jure wannan azaba, shi aka zaɓa.

Ranar feshi, tifar ta dawo daga bakin kogi, busasshiyar laka ta lulluɓe ta har ba a ganin ƙarfe. Mai fenti ya zagaya ta, ya ce, "Ranka ya daɗe, sai an wanke ta, a kankare tsatsa, a sa fentin ƙasa tukuna."

"Fentin da ya sha guduma ne zai ji tsoron laka? Ragon fenti ake yi wa shimfiɗa. Fesa kawai."

Mai fenti ya fesa. Tifa ta fito tana ƙyalli, mutumin ya tsaya gefenta aka ɗauke shi hoto.

Washegari direba ya ja tifar zai je lodin yashi. Bai gama fita daga ƙofar gareji ba ya faɗa rami, motar ta girgiza. Laka ta riƙa zubowa falle-falle, kowane da rawayan fentinsa, tifa ta koma tsatsarta ta asali.

Wan ya iso, ya dubi mota, ya dubi ƙasa, ya miƙa hannu.

"Makullai."

Mutumin ya sunkuya ya ɗauki falle guda, ya ƙwanƙwasa shi, ya ɗaga wa wan a fuska.

"Yaya, a yi adalci. Fenti na nan daram, ko ƙwarzane babu. Motarka ce ta ɓare daga jikinsa."